Kada Tsofaffin Agogunanmu Su Ƙare a Sikelin 'Yan Gwangwan

Masu iya magana na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ba su da wata sha'awa da ta wuce tara tsofaffin agogunan jiragen ruwan yaƙi, musamman waɗanda aka ƙera domin gwaji. Mai karatu zai iya tambaya, mu da ke kan tsaunukan Jos, nesa da teku, ina ruwanmu da agogon jirgin ruwa? Ra'ayina shi ne da ruwanmu, domin 'yan uwan waɗannan agoguna suna nan a tsakaninmu, kuma kullum sai ƙarewa suke yi.

Bari mu fara da sanin amfanin agogon. Duniya tana kammala juyi ɗaya, wato digiri 360, cikin awa 24, ke nan digiri ɗaya a kowane minti 4. Idan matuƙi yana riƙe da agogon da ke nuna lokacin tashar da ya baro, sai ya kwatanta shi da tsakar ranar inda yake, bambancin zai gaya masa nisan da ya yi gabas ko yamma. Alal misali, Jos tana kusan digiri 9 gabas da Girinwic ta Ingila, saboda haka rana tana take tsaka a nan kimanin minti 36 kafin can.

Matsalar ita ce samun agogon da girgizar jirgi da zafi da sanyi ba za su rikita shi ba. Bayan jiragen yaƙin Ingila sun yi haɗari a 1707, inda sojoji fiye da dubu suka halaka, majalisar ƙasar ta sa ladan fam 20,000 a 1714 ga duk wanda ya warware matsalar. Wani kafinta mai suna John Harrison ya shafe shekaru yana gwaji, har ya kammala agogonsa na huɗu a 1759. Da aka gwada shi a tafiya zuwa Jamaika a 1761 zuwa 1762, kuskurensa bai wuce kimanin daƙiƙa 5 ba.

To, abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Waɗannan agoguna masu daraja an yi watsi da su har suka yi tsatsa. Sai a 1920 wani tsohon hafsan sojan ruwa, Rupert Gould, ya ɗauki nauyin gyara su, ya kuma shafe shekara 13 yana yi. Da bai yi ba, da masu ziyartar Girinwic ba su ga komai ba sai tarkace.

Irin waɗannan kayan awo ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A 1824 Hugh Clapperton, wanda shi ma hafsan sojan ruwan Ingila ne, ya isa Sakkwato, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na'urarsa ta auna tsayin rana da taurari. Clapperton da kansa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya san buruji da sunayen taurari da dama da Larabci. Ashe kuwa ilimin lokaci da taurari gadonmu ne, ba aro ba.

A nan Filato kuwa, haƙar kuza ce ta kawo agogo cikin rayuwar talaka. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru ya yi aiki daga 1914 zuwa 1957. Tashoshi da kamfanonin kuza sun yi amfani da agogon bango da na aljihu da ƙararrawa da sikeli da kamfas da sauran kayan safiyo. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, shi kansa albarkacin kuza ne, tun da masu haƙa ne suka fara tono gumakan Nok a 1928. Gidan ya adana kawunan jiragen ƙasa na wancan zamani. Amma ƙananan kaya da suka watsu a gidajen jikokin leburori da akawuna da direbobi fa? Da yawa idan maigida ya rasu, sai a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli, a sayar da tarihi a farashin kilo.

Wani zai ce ai kayan 'yan mulkin mallaka ne, me za mu yi da su? Amsa ita ce, saboda haka ne ma ya kamata a adana su. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza, abin da kakanninmu suka kira diban gwamna, kuma da yawa sanyi da cuta sun kashe su. Ƙararrawar da ta tashe su da asuba shaida ce. Wanda ya narkar da ita ya narkar da hujja.

Don haka ina kira ga ɗalibai 'yan uwana, idan mun je hutu mu bincika akwatunan kakanni. Duk abin da aka samu a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan mai shi da inda ya yi aiki da lambar da ke jikinsa, kada kuma a goge shi da yashi ko a buɗe cikinsa. Mu zauna da tsofaffin masu gyaran agogo, waɗanda wayar salula ta rage wa kasuwa, mu naɗi bayaninsu tun suna raye. Hukumar gidajen tarihi kuma ta ware kusurwa domin irin waɗannan kaya, masu hali su taimaka.

Ba sai mun mallaki agogon Harrison ba. Namu ya ishe mu, in dai mun san darajarsa kafin ya shiga wuta. Allah ya sa mu gane.