Jerin Littattafan Yaƙi da Ba Mu Ciki

A makon jiya wani ɗalibina ya turo mini wani shirin tarihi na murya, irin wanda ake saukewa a waya, fodkas in ji matasa. Na saurare shi a mota a hanyata ta zuwa gida Lakwaya. Kafin in wuce Kabo masu shirin, Turawa biyu masana, sun fara lissafa littattafan da suke ganin duk mai son fahimtar yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 ya kamata ya karanta. Akwai The Guns of August na Barbara Tuchman, akwai Stalingrad na Antony Beevor, akwai kuma Defeat into Victory na Janar William Slim kan yaƙin Bama. Littattafai ne na ƙwarai, ban raina ko ɗaya ba.

Sai dai da aka ambaci Bama, hankalina ya koma kan wani tsoho da na taso na gani a garinmu. Yana da tsohuwar rigar soja da yakan sa ranar sallah, kuma idan ya fara labarin dajin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, mu yara sai mu yi ta ƙyaƙyata dariya. Ya rasu ina sakandare. Ban rubuta ko kalma guda daga bakinsa ba, ga shi yau ana kirana Dakta. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu.

Don haka, mai karatu, ga nawa jerin, wanda zan so a fara da shi kafin na Turawan.

Ƙarnin ya buɗe ne da yaƙi a ƙofar gidanmu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 dakarun Kanar Morland suka ci Kano, Sarki Alu yana Sakkwato, kuma a Yulin shekarar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi. A nemi Concerning Brave Captains na D.J.M. Muffett, na 1964. Jami'in mulkin mallaka ne, amma ya zauna da dattawan da suka ga abin da idonsu, bai kuma yi wa Lugga sassauci ba. A haɗa shi da Power and Diplomacy in Northern Nigeria na R.A. Adeleye, domin a ga abin da ya gabaci faɗan.

Inda na fi so a daɗe shi ne Bama. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a yankin Arakan a 1944 da 1945, kuma 'yan Arewa na da yawa a cikinsu, tunda Hausa ta daɗe tana harshen bariki. Ta jirgin sama ake jefo wa Runduna ta 81 abinci a kwarin Kaladan, kayan yaƙi kuwa a ka ake ɗauka. Slim bai ba su wuri mai yawa a littafinsa ba, abin da ya ɓata wa John Hamilton rai, wanda hafsa ne a rundunar, har ya rubuta War Bush a 2001. Littafin yana da nauyi, cike yake da sunayen tuddai da koguna, amma shi ne madogara. Wanda yake son mai sauƙi ya ɗauki Another Man's War na Barnaby Phillips, labarin Isaac Fadoyebo, sojan Nijeriya da aka harba, wani manomi Musulmi ɗan Arakan ya ɓoye shi tsawon watanni. Sai ƙagaggen labarin Biyi Bandele, Burma Boy, wanda jaruminsa yaro ne ɗan Arewa mai suna Ali Banana. Bandele a Kafanchan aka haife shi, mahaifinsa kuma ya je Bama, ana jin haka a rubutun. Bayan waɗannan, idan ka bi ta barikin Dalet a Kaduna za ka san cewa sunan wani wuri ne a Bama.

Yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 sai a wani makon. A fara da littafin John de St. Jorre kafin a shiga na janar-janar, domin kowannensu kansa yake wankewa.

Na san za a ce duk da Turanci suke, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi. Gaskiya ne. Abin da muke da shi a Hausa yana warwatse: tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, shekarar da yaƙin ya ɓarke, da waƙar Maraba da Soja ta Sa'adu Zungur, da abin da ya rage a bakin 'ya'yan mazan jiya. Shi ya sa na ba ɗalibin da ya turo mini shirin aiki: a hutun nan ya ɗauki wayar tasa ya zaga Gwarzo, Getso da Lakwaya, ya tambayi gidajen da aka je Bama. Ni kuma na yi alkawarin zan fara da gidan tsohon nan, an ce 'yarsa tana raye.