"Umma, Rabin Fuskarki Ya Ɓace"

A watan nan wani abu ne ya same ni a cikin gida, na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Ranar wata Talata cikin watan Maris, ina shirin fita Islamiyya, 'yata mai shekara 9 ta dawo daga makarantar boko. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Umma, rabin fuskarki ya ɓace." Na zaci wasa ne, har na yi mata tsawa. Sai ta ce wani haske take gani yana walƙiya kamar haƙoran zarto. Kafin rabin awa ta dafe goshi tana kuka, ta yi amai sau biyu, ta cusa kai ƙarƙashin matashi wai hasken taga na soka mata ido.

'Yar uwa, gabana ya faɗi. Lokacin zafi ne, kin kuwa san abin da ke zuwa wa uwa a rai: sanƙarau. Iyayenmu har yau suna ba da labarin annobar 1996 da ta kashe fiye da mutum 10,000 a arewacin Najeriya. Maƙwabciyata ta leƙo, ta ce, "Malama, wannan ai iska ce, bari in kawo hayaƙi." Na yi mata godiya, na tofa wa yarinyar addu'a, na tare a-daidaita-sahu muka nufi asibiti.

Likita ya auna zafin jikinta, ya lanƙwasa wuyanta, ya haska idanunta, ya sa ta yi tafiya a gabansa, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Duk lafiya. Sai ya tambaye ni ko a danginmu akwai mai yawan ciwon kai. Nan take na tuna mahaifiyata, yadda takan ɗaure kai tamau da ɗankwali ta shige ɗaki ta saki labule, mu kuma a hana mu ko tari. Ya ce alamu sun nuna ciwon ɓarin kai ne, kuma yana bin jini.

Ciwon ba baƙo ba ne. Larabawa na kiransa shaƙiƙa, kuma ya zo a Sahihul Bukhari cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a kai yana cikin harami saboda shi. Ban kawo wannan don ki kai yaro wurin wanzami ba, sai don ki natsu cewa ciwo ne na jiki, ba sai an laƙa wa aljanu ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne a jikin yara ba lallai ya kama ɓari ɗaya ba, ya fi kama goshi gaba ɗaya. Yakan ɗauki awa 2 har zuwa kwana 3, yaro ya yi fari fat, ya ƙi haske da hayaniya, in ya samu barci ya tashi garau. Wasu kaɗan sukan ga walƙiyar nan kafin ciwon ya sauka, ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Bayan balaga ya fi yawa ga 'yan mata, sau da yawa kusa da lokacin al'ada.

Wannan tashi garau ɗin ne ya sa na ji kunyar kaina. Ɗalibai nawa suka kifa kai a kan benci suka ce mini kansu na ciwo, na ce ƙaryar gudun hadda ce, saboda na gan su suna guje-guje washegari? Allah Ya yafe mana.

Amma kada ki ce tunda Malama ta faɗa, kowane ciwon kai shi ne. In akwai zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, ko jijjiga, ko yaro ya rikice bai gane mutane, ko hannu da ƙafa suka saki, baki ya karkace, ko yana ganin abu biyu-biyu, to asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Haka ciwon da ya biyo bayan buguwa a kai, da wanda ke tayar da yaro daga barci ko ya zo da amai da sassafe yana ƙaruwa kullum. Mai yaro sikila kuwa, ke ba a jira da ke, domin shanyewar ɓarin jiki na kama su tun suna ƙanana. Kuma ki duba katin rigakafi: tun 2024 Najeriya ta fara amfani da allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau.

Likitan ya sa na sayi ɗan littafi ina rubuta ranar da ciwon ya zo, me ta ci, ƙarfe nawa ta kwanta. Cikin wata biyu littafin ya tona asirina, ba nata ba. Ranakun da muka makara ta fita ba karin kumallo, da daren da na bar mata waya har ƙarfe 11, su ne. Sai kuma turaren wutana da nake ji da shi. Yanzu sai sun tafi makaranta nake turara ɗaki. Na saya mata gorar ruwa. Azumin da take nacin yi kuwa na ce rabin yini ya ishe ta, tunda bai wajaba a kanta ba.

In ya taso, da wuri ake ba da farasitamol ko ibuprofen gwargwadon nauyin yaro yadda likita ya tsara, sai ɗaki mai duhu da tsumma mai sanyi a goshi. Kada ki ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin, kuma ki lura, wasu ƙunshin garin maganin ciwon kai na kemis akwai shi a ciki. Shan magani fiye da kwana biyu ko uku duk mako shi kansa yana jawo wani ciwon kan, don haka in ya kai haka a koma wurin likita.

Makon jiya ya sake zuwa mata. Ita da kanta ta zo ta ce, "Umma, walƙiyar ta fara," ta sha maganinta, ta saki labule. Na zauna gefenta ina mata fifita har barci ya ɗauke ta, da la'asar ta tashi tana neman tuwo.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.