Ƙwallon ƴan makaranta a Filinge: kada a ɗora wa sabon mai lamba 10 kayan mutum 11

Kowace shekara, idan ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, ƴan makaranta suka koma aji a watan Oktoba, akwai wata tambaya da takan tashi a garin Filinge wadda ba ta cikin littafin kowane malami. Tambayar ita ce: wa zai sa riga mai lamba 10 a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kolej ko ta lise? Wanda ya riƙe ta bara ya yi jarrabawar birbe ko ta bak, ya wuce Yamai neman ƙarin ilimi, ko kuwa ya bi sawun yayyensa zuwa cin rani. Tilas a miƙa rigar ga wani yaro. Tun kafin yaron nan ya buga wasa biyu, an riga an gama yi masa shari'a a fadojin samari da rumfunan kasuwa. Waɗansu su ce shi zai kawo kofi gida bana, waɗansu su ce bai kama ƙafar na bara ba.

Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, gaggawar kuwa tana da ɓarna. Abin da ake magana a kansa ya fi kofi nauyi. Akwai karatun yaro ɗan shekara 15 ko 17 wanda aka aza wa sunan makaranta a ka, akwai kuma makomar wasan kansa a ƙasar Kurfai, domin daga filin makaranta ne ƴan wasan gobe suke fitowa.

Da farko ya kamata a san aikin mai lamba 10. Ƙungiya mutum 11 ce: mai tsaron gida, ƴan baya, ƴan tsakiya da ƴan gaba. Mai lamba 10 yana tsaye tsakanin ƴan tsakiya da ƴan gaba. Ƙwallo takan zo masa daga baya, shi kuma ya ɗaga kai ya duba, ya zaɓi wanda ya fi samun sarari, ya miƙa masa. Watau shi mai rabo ne, kamar uwargida a bakin tukunya, wadda kowa ke samun nasa daga hannunta, ko da yake waɗansu ne suka nomo hatsin. In ba a kawo masa ƙwallo ba, ba shi da abin rabawa. In ya raba, ba wanda ya sheƙa ya karɓa, rabon ya zube a ƙasa.

Dalilin da ya sa jama'a ke mance wannan ba ɓoyayye ba ne. Idon mutanen Nijar ya saba da kokowa. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, zamanin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kokowa ce sarauniyar wasanni a ƙasar nan. Jaha 8 kowace takan kawo ƴan kokowa 10, su zama 80, amma idan an shiga fili mutum ɗaya ne ke fuskantar mutum ɗaya. Shi makaɗi ke wasawa, shi ke kayarwa, shi ke faɗuwa. Mai kallon da ya tashi da wannan, idan ya zo bakin filin ƙwallo, sai ya nemi gwarzo guda wanda zai yi wa kirari ko ya yi wa ature. Alhali kuwa ƙwallo ƴar uwar gayya ce. A gonar gayya akwai mai jan gaba, amma kowa ya san in sauran suka ajiye hauya suka tsaya kallonsa, rana za ta faɗi ba a kai gyaffan gona ba.

Tarihin Mena, ƙungiyar ƙasa, ya isa darasi. A watan Oktoba na 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai, Nijar ta ci Masar 1 da 0, Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Musa Maazu ne ya jefa ƙwallon. Daga wannan rana ƙasa duka ta rataya burinta a wuyansa. Saurayi ne mai gudu da ƙarfi, wanda ya taso daga ƙungiyar soja ta ASFAN, ya buga a Beljiyam da Rasha da Faransa. A wasannin share fagen nan Mena ta ci duka wasa 3 da ta yi a gida, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu, ta jefa ƙwallo 6. A wasa 3 da ta yi a waje kuwa an cinye ta duka, ba ta jefa ko ɗaya ba. Duk da haka ta samu shiga gasar kofin Afirka karo na farko, kuma hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi mai horar da ita, Haruna Dula, gwanin masu horarwa na 2011.

Da aka je Gabon a farkon 2012, sai gaskiya ta yi halinta. Gabon ta ci Nijar 2 da 0, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da 0. A 2013, a Afirka ta Kudu, Mali ta ci 1 da 0, aka yi canjaras babu ci da Kwango Kinshasa, Gana ta ci 3 da 0. In an haɗa, wasa 6 ke nan, ƙwallo 1 tak, wadda William Ngunu ya jefa wa Tunisiya. Wannan ba laifin Maazu ba ne. Abokan karawa sun riga sun gane inda ƙwallo za ta nufa, sai su sa masa mutum biyu, su bar shi yana gudu shi kaɗai a gaba kamar barewar da ta rabu da garke. Ƙungiyar ƴan ƙasa da shekara 17 ma, da ta je kofin duniya a Indiya a 2017, ta yi abin yabo, ta ci Koriya ta Arewa 1 da 0, ta tsallake zuwa zagaye na biyu, amma a wasa 4 ƙwallon nan guda ce kaɗai ta jefa. Tsaron gida ana iya koyonsa da juriya da ƙarfin zuciya. Kai hari yana bukatar fahimtar juna, ita kuwa ba ta samuwa a dare ɗaya.

Akwai darasi na biyu a wannan tarihi, shi ne na rashin haƙuri. A cikin shekarar 2012 kaɗai mutum 3 suka riƙe Mena: Haruna Dula, sa'an nan Rolan Kurbis Bafaranshe, sa'an nan Gernot Rohr Bajamushe. Daga 2013 har zuwa gasar 2025 Nijar ba ta sake shiga babban kofin Afirka ba. Shi kuma Haruna Dula, da aka sake ba shi amana, shi ne ya kai ƴan wasan cikin gida zuwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, bayan sun ci Gana 2 da 0. Mai hankali ya duba wannan ya ɗauki abin ɗauka.

Ko a ƙasashe masu dukiya maganar ɗaya ce. A Amurka jami'o'i suna da wata irin ƙwallo da ake ɗauka a hannu, kuma filin jami'ar Mishigan kaɗai yana cin mutum fiye da 100,000. A wannan wasa akwai ɗalibi guda mai jefa ƙwallo, wanda duk hari daga hannunsa yake farawa. Tun da yake ɗalibi ne, bayan ƴan shekaru yakan tafi, a kawo sabo, jaridu su yi ta tsinkaye a kansa. Amma a tsarin wasan an tsayar da ƙarti 5 a gabansa, babban aikinsu shi ne su tare abokan karawa har ya samu sukunin jifa. Masanan wasan, kafin su ce sabon yaro zai yi abin kirki, sai sun duba waɗannan 5 tukuna.

To, mene ne ya dace Filinge ta jira daga sabon mai lamba 10 da ƴan gabansa?

Abu na farko, a ba su lokaci. Kwanakin wasa a makaranta kaɗan ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake samun sanyin da yaro zai iya gudu. In Afrilu ya kama, zafi a Dallol yakan haura awo 40, daga nan kuma sai shirin jarrabawa. A cikin wannan ɗan tsakani ne mai rabo zai koyi wanda ke son ƙwallo a ƙafa da wanda ke son a jefa masa gaba ya bi ta da gudu. In an canza shi don an sha kashi sau ɗaya, an koma farko ke nan. Makiyayan Kurfai sun san gidan kiwo na Tukunus, inda ake zaɓen irin shanun Azawak. Ba wanda ya taɓa zuwa can ya nemi nono a wurin maraƙa.

Abu na biyu, a auna shi da mudun da ya dace. Malamin wasanni ya riƙe ɗan littafi, ya sa wani ɗalibi ya riƙa rubuta sau nawa ƙwallo ta bar ƙafar mai lamba 10 ta isa ga ɗan uwansa, da kuma yara nawa suka jefa ƙwallo a raga cikin shekara. Ƙungiyar da yara 5 suka ci mata ƙwallo biyu-biyu ta fi wadda yaro ɗaya ya ci mata 10, domin ranar da wannan ɗaya ya yi targaɗe ko aka tsare shi, ta biyun ba ta da abin yi. A filin yashi ƙwallo takan yi nauyi, sai yara su saba da dukanta sama zuwa ga wanda ya fi gudu. Wannan ɗabi'a ce ya wajaba a karya tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na uku, karatu. Cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a ƙasar nan, ƙalilan ne za su ci abinci da ita. Saura za su zama malamai, manoma, ma'aikatan lafiya, ƴan kasuwa. Saboda haka ya dace kowane darakta ya kafa doka bayyananna: wanda bai samu 10 bisa 20 a aji ba, ya ajiye riga har ya gyara. Goman cikin aji ita ce gaba da goman bayan riga. Yaron da aka cika wa kunne da kirari har ya saki littafi, ranar da ƙafarsa ta gaji ba ɗaya daga cikin masu kirarin da zai ɗauki nauyinsa.

Abu na huɗu, a shirya magaji. Tun da an san kowane mai lamba 10 baƙo ne, shekara ɗaya ko biyu zai yi ya wuce, hikima ita ce a sa ƙaramin ɗalibi kusa da shi tun bana, yana shiga wasa ko da na minti 15 ne. Ta haka Oktoba mai zuwa ba za ta iske makaranta tana lalube ba.

Hukumomi ma suna da nasu kaso. Prefe, da ma'aikatar gari, da mai martaba sarkin Kurfai, da sufetocin makarantu, da kwamitin iyayen yara, ba sai sun jira taimako daga Yamai ba kafin su daidaita fili, su kafa turakan raga, su tanadi ƙwallaye da tulun ruwa da akwatin magani. A shekarun 1970 da 1980 samariya ta gina azuzuwa da hannunta, gyaran fili ɗaya bai fi ƙarfin samarin yau ba. Ya kamata kuma a nemi malaman wasanni waɗanda suka fito daga makarantar matasa da wasanni ta ƙasa da ke Yamai, a bar su su yi aikinsu, kada kowane mai faɗa a ji ya aiko da sunan wanda za a sa. Inda halin tsaro ya bari, a shirya wasannin sada zumunci da Bonkuku da Damana da Baleyara, domin ƙungiyar da ba ta saba wasa a waje ba, in ta fita sai ta ruɗe, kamar yadda ya faru ga Mena a 2010 da 2011.

Maganar tsaro tana da wata fuska. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da waɗansu gundumomin jahar Tilaberi, kuma a shekarun da suka biyo baya makarantu da yawa na ƙauyuka sun rufe, yaransu suka komo manyan garuruwa wurin dangi. Yaron da ya baro garinsu cikin tsoro, ya zauna a gidan da ba nasu ba, yana bukatar wurin da za a kira shi da sunansa a miƙa masa ƙwallo. Filin makaranta yana iya zama wannan wuri. Malamin da ya buɗe ƙofar ƙungiya ga irin waɗannan yara ya yi aikin tarbiyya, wataƙila kuma a cikinsu ne zai tsinci ɗan gaban da yake nema.

Saura masu kallo, iyaye da yayye da abokai. Murna halal ce, zuga ma tana da daɗi. Zagi da jifa da ambaton iyayen yaro don ya ɓarar da ƙwallo, waɗannan ba su dace da mutanen da aka sani da kunya da girmama baƙo ba. A tafa wa mai tsaron gida in ya kama, a tafa wa ɗan baya in ya ƙwato, a tafa wa wanda ya miƙa kamar yadda ake tafa wa wanda ya jefa. Yara suna lura da abin da manya ke yabawa, shi kuma suke ƙoƙarin yi.

In shekara ta ƙare, sabon mai lamba 10 ya haye aji na gaba da sakamako mai kyau, ƴan gabansa sun san juna, ƙaninsa ya fara koyon rabo, to makaranta ta ci riba ko kofi ya zo ko bai zo ba. In kuwa aka ci gaba da haka shekara uku ko huɗu a jere, kofin ma zai san hanyar Filinge. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya raya yaran Kurfai, ya ba ƙasa lafiya da zaman lafiya.