Darasin Sabon Wuse: A Koyar Da Ma'aikacin Lafiya Kafin A Sayo Kwamfuta

Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa a Jihar Neja, gari ne da ginin Abuja ya haifar, domin a nan aka tsugunar da mutanen da aka tasa daga tsohuwar Wuse. A yau garin da maƙwabtansa, Suleja da Madalla, sun zama masaukin dubban ma'aikatan Gwamnatin Tarayya waɗanda tsadar haya ta kora daga cikin birni. Da asuba su nufi sakatariya, da magariba su dawo. Idan zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, ko naƙuda ta taso, asibitin da ke kusa ake nufa, wato cibiyar lafiya ta unguwa ko babban asibitin garin mai ɗauke da sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Don haka yadda ake tafiyar da waɗannan asibitoci ya shafi mai rubuta takardar manufa a Abuja kai tsaye, har cikin gidansa.

Nijeriya ba ta rasa tsare-tsaren shigar da fasahar zamani cikin harkar lafiya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya alhakin tsara tattara bayanan lafiya. An fitar da tsarin fasahar sadarwa a fannin lafiya na shekarun 2015 zuwa 2020. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙiro, ita ce rumbun da alƙaluman asibitocin ƙasar nan ke taruwa a cikinsa. A 2024 kuma ma'aikatar, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da sabon shirin mayar da bayanan lafiya kan na'ura. Duk waɗannan abin yabo ne. Sai dai takarda ba ta danna kwamfuta, kuma kwamfuta ba ta yanke shawara. Mutum ne ke yi, shi kuwa sai an koya masa.

Duk wanda ya san yadda aiki ke gudana a ƙananan cibiyoyin lafiya ya san hanyar da alƙaluma ke bi. Ma'aikaciya tana cika manyan rijistoci da hannu: na awon ciki, na rigakafi, na masu zazzaɓin cizon sauro. A ƙarshen wata ta tattara jimilla a fom guda, a kai wa jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a na'ura. Daga nan alƙaluman su wuce Minna, su wuce Abuja. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dawowarsu. Wadda ta sha wahalar rubutun sau da yawa ba ta ganin amfaninsa, don haka take ɗaukarsa tamkar harajin da ake biya wa na sama. Aikin da aka ɗauka haraji kuwa ba a yinsa da zuciya ɗaya, kuma a nan kuskure ke samun ƙofa.

Abin da ya kamata a koyar ya wuce sanin inda ake danna maɓalli. Shugabar cibiya na buƙatar iya karanta nata alƙaluman: mata nawa suka zo awon farko, nawa suka dawo na huɗu, yara nawa suka karɓi allurar farko suka ɓace kafin ta uku. Mai kula da ɗakin magani na buƙatar sanin yawan abin da ke fita a mako, don ya nemi ƙari kafin damina ta kawo cunkoson masu zazzaɓi. Shugaban babban asibiti na buƙatar ganin sa'o'in da marasa lafiya suka fi yawa, don ya raba ma'aikatansa daidai. Wannan ilimin shugabanci ne, kuma kuskure ne a bar shi ga akawun ɗakin kati shi kaɗai.

Ƙasar nan ta taɓa ganin amfanin haka da idonta. A yaƙin da aka yi da shan-inna, an zana taswirar ƙauyuka da taimakon tauraron ɗan'adam, aka riƙa bin sawun ayarin masu rigakafi a Kano da sauran jihohin Arewa, cibiyoyin ko-ta-kwana kuma suna zama kan alƙaluman don gano inda aka tsallake. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Haka nan manhajar SORMAS, wadda ta samo asali daga darasin cutar Ebola ta 2014, ta zama makamin Hukumar NCDC wajen bibiyar annoba. A duka biyun, an horar da mutane, an bi su har wurin aikinsu, kuma an yi aiki da abin da suka tattaro.

Yankin Tafa da Suleja na da ƙarin dalili. Babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna ta ratsa shi, haɗurra kuma ba baƙi ba ne. A ranar 18 ga Janairun 2025, tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, mutum fiye da 80 suka rasu, aka rarraba waɗanda suka ƙone a asibitocin yankin. A irin wannan rana, sanin inda gado ya rage, da inda jini yake, da asibitin da aka kai wane, na iya raba rai da mutuwa. Ba a koyon wannan ranar da masifa ta auku.

Akwai masu cewa asibitin da ke fama da ƙarancin likita da magani da wutar lantarki ba kwamfuta ce damuwarsa ba. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, domin na'urar da babu wuta da intanet kayan ado ce. Amma ƙarancin ne ma ya sa lissafi ya zama wajibi. Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda doka ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, ba zai isa ko'ina ba; dole a san inda buƙata ta fi tsanani. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, asibiti kuwa ba ya karɓar haƙƙinsa sai da sahihin bayanin wanda ya duba. Ma'aikacin da ya taɓa zaman jiran lambar amincewa kafin a tura shi babban asibiti ya san darajar bayani mai sauri.

Saboda haka wannan jarida ke kira da a ɗauki matakai huɗu. Na farko, hukumomin da ke tsara manhajar karatun ma'aikatan jinya, ungozoma, jami'an lafiyar al'umma da masu adana bayanai su sanya amfani da alƙaluma cikin darussan da ake jarrabawa a kansu, tare da kwamfutocin gwaji a makarantu irin na Minna, Bida da Tungan Magajiya. Na biyu, horon ma'aikatan lafiya 120,000 da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki alƙawari ya riƙa gudana a cikin cibiyoyin, kan rijistarsu ta gaskiya, maimakon taron kwana uku a otal da ake tashi da alawus da jaka. Na uku, kada a amince da kwangilar sayen na'ura sai ta ƙunshi kuɗin horo, gyara da wutar sola. Na huɗu, a koyar da riƙon sirri. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma a garin da kowa ya san kowa, sakamakon gwaji guda da ya fita ta WhatsApp ya isa ya kashe aure, ya kuma kori jama'a daga asibiti.

Daraktoci da mataimaka na musamman da ke shirya kasafi su ne ke da alƙalamin. Layin sayen kaya ya fi layin horo farin jini, domin shi ake ɗauka hoto ranar ƙaddamarwa. Duk da haka, kafin a sa hannu kan takardar sayen kwamfutoci na gaba, ya dace a tambaya: wa zai yi aiki da su a Sabon Wuse, wa ya koya masa, kuma wa zai koma bayan wata shida ya duba ko ya iya?