BAKWAINI BA ƊAN RUWA BA NE

Yau maganarmu a kan bakwaini take, watau jaririn da aka haifa tun ciki bai cika mako 37 ba. A ƙauyukan Batsari da Safana, in ya makara wajen zama ko rarrafe, sai ka ji ana cewa ɗan ruwa ne, ko an yi masa baki. Uwa ta sayar da akuyarta ta kai wa boka, ga asarar dukiya, ga ɓata lokaci.

To, ga lissafin. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna lafiyayyen yaro yakan zauna da kansa tsakanin wata 4 da 9, ya yi tafiya tsakanin wata 8 da 18. Amma shi bakwaini daga ranar da ya kamata a haife shi ake ƙirga masa. Wanda ya riga lokacinsa da wata 2, in ya yi wata 10 a duniya, da 'yan wata 8 za a gwada shi. Haka ake yi har ya shekara 2. Kowane ɗan kasuwa ya san awo da gurɓataccen mudu zalunci ne.

Abin da jaririn nan ya fi bukata ɗumi ne da nono. A ɗaura shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dabarar da likitocin Kolombiya suka fara a 1978. Amma in bisa lissafin nan ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko 18 bai taka ba, ko jikinsa ya sanƙare, ko ya saki, lalle a kai shi asibiti.

Sai dai kuma, ta wace hanya? A Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Wadda aka kora daga gonarta da tsohon ciki, ina za ta je awo? Yaron da yunwa ta ci, da wane ƙarfi zai miƙe?

Don haka muna kira ga Gwamnatin Katsina: kowace gunduma ta sami horarriyar ungozoma da sikelin awon jarirai, a kuma tsare hanyar zuwa wurinsu. Talaka yana biyan kuɗin kasuwa. Wannan haƙƙinsa ne, ba roƙo yake yi ba.