Yawan zagayawa bayan fiɗar hanji ba abin kunya ba ne

Akwai gyambon babban hanji wanda in magani ya kāsa, sai likita ya cire hanjin. Sannan ya naɗe ƙarshen ƙaramin hanji, ya yi ƴar jaka cikin ciki, ya haɗa ta da dubura. A 1978 ne likitocin Ingila suka bayyana wannan fiɗa.

Wanda aka yi wa ita yakan zagaya kamar sau 4 zuwa 8 a yini, har da dare. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri. Tunda babu shi, tilas ya yawaita shan ruwa, balle da bazara. Shinkafa da ayaba na ƙara wa bayan gida kauri.

In ya ga jini, ko zazzaɓi, ko zagayawar ta ƙaru, ya koma wurin likita, domin jakar takan kumbura.

A ganinmu, bai kamata a yi masa dariya ko a ware shi ba. Bayan ƴan watanni yana iya komawa gona da kasuwa. Abin da yake bukata gare mu shi ne haƙuri, da salanga kusa da ɗakinsa.