Tuffa da mai ciwon suga

Jiya na je asibiti dubiyar wani yayana mai ciwon suga. Leda uku na tuffa na tarar a gefen gadonsa, kowa ya zo sai ya dire tasa. Da muka keɓe da matarsa, sai take ce min ai wata biyu ke nan da ya ajiye ƙwayoyinsa, wai ya ji a wani saƙon murya na WhatsApp cewa tuffa biyu kullum da safe na wanke suga daga jini. Abin da ya kwantar da shi ke nan. Mutum da iliminsa fa!

Ni ba na faɗa da tuffa, 'ya'yan itace ce mai kyau. Matsakaiciya guda ɗaya tana da kusan giram 4 na faiba, sinadarin nan da ke sauƙaƙa bahaya kuma ya riƙe ciki. Kaso mai yawa na faibar a ɓawo yake, shi ya sa masu fere ta suke asara. A wanke ta sosai kawai a ci. Amma wannan tuffar dai tana ɗauke da suga wajen giram 19, sama da cokalin shayi huɗu. Mai ciwon suga zai iya cin ta daidai gwargwado, da sanin likitansa. Ta maye gurbin magani kuwa, ina! Lemon tuffa na kwali ma ya fi muni, an tace faibar an bar maka zaƙin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muka maida ta abin kece raini. Yawancinta daga waje ake shigo mana da ita, musamman Afirka ta Kudu, shi ya sa take tsada. Gwaba da muke rainawa ta ninka tuffa fiye da sau 40 a bitamin C. Lemon zaƙi ma ya ninka ta kusan sau 10. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a rana, ba ta ce lallai sai tuffa ba. Da albashin irinmu, wa zai cika wannan awon da tuffa har wata ya mutu?

Yaya dai an mayar da shi kan magani, sugan ya fara sauka, alhamdulillah. Ku sa shi a addu'a. Mai niyyar zuwa dubiya kuma, don Allah ya taimaka da kuɗin magani, tuffa ta ishe mu.